Ni Na Raba Masa Kwano da Mutanensa

Gwaggo Marka, ki taimake ni don Allah kafin watan nan ya ƙare. Na yi wa maigidana ɓarna da hannuna, bai sani ba, yana ta ɗora wa kansa laifi, ni kuma ina kallonsa bakina ya yi nauyi.

Zan kira shi Baban Kubura. Shekararmu goma sha huɗu tare. In kin gan shi ba za ki ce shi ne ya taɓa tsayar da tifa talatin da magana kawai ba, don siriri ne, ga sanyin murya, sai dai taurin kai kamar jakin da ya ƙi tsallake kwalbati. Lokacin da aka fara aikin madatsar Bakolori, direban tifa ne a wurin wani ɗan kwangila mai jigilar dutse ta wajen Maradun. Direbobi da leburori suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu don ba ya tsoro kuma ba ya zagi. Ni na yi ajin yaƙi da jahilci, hannuna ya fi nasa kyau, saboda haka duk takardar koken da ya taɓa kai wa manya ni na rubuta ta, yana zagaya tsakar gida yana faɗa, ina bi da biro. Sau biyu ana korarsa, sau biyu ana mayar da shi, don babu wanda ya yarda ya tada mota sai ya dawo.

Tun wancan zamani muke da al'ada. Kowace Juma'a in an sakko daga masallaci, mutanensa sukan taru a zaurenmu. Ina tuƙa tuwo da miyar sure, in zuba a manyan tire biyu, su zauna a tabarma su sa hannu gaba ɗaya, shi a tsakiyarsu. Wani lokaci su kai ashirin. A bakin tiren nan ake faɗa masa wanda aka zalunta, da wanda matarsa ta haihu, da wanda ya yi laifi yana jin kunyar faɗa. Babban amininsa a cikinsu Istifanus ne, bakanike, wanda ya zo Mafara neman aiki ya zauna. Shi ba ya zuwa masallaci, amma bai taɓa makarar tuwo ba. Yakan rufe gareji daidai lokacin, ya shigo yana kiran maigidana da Ɗan Tsiya, yana cewa a matsa masa kusa da nama. Matarsa Matta ita ta kwana uku a kaina ranar da na haifi autata.

Bara, da ruwa ya fara shiga gonaki sosai, wasu 'yan kasuwa suka kafa kamfanin noman rani da casar shinkafa, gonakin a wajen Bakura, injin a nan Mafara. Suka ce suna son wanda ya san ma'aikata, suka ba shi darakta mai kula da ayyuka. Yawancin mutanensa, har da Istifanus, suka bi shi can tunda aikin dutse ya ƙare. Gwaggo, na yi murna har na yi guɗa ni kaɗai a madafa. Na ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, mutumin nan ya sha rana.

Sai yayata Lantana ta zo barka daga Damri. Ta leƙa zaure ta ga tabarmi da tire, ta riƙe haɓa ta ce, "Ina kinka taɓa ganin darakta na cin tuwo kwano guda da lebura? Ke ba ki san girman mijinki ba?" Maganar ta zauna mini. Ba don na raina kowa ba, Allah shi ne shaida. Gani na yi an daɗe ana tsayar da shi a bakin ofisoshi kamar mai roƙo, yau Allah ya ɗaga shi, ni ce zan bar shi a ƙasa? Ranar kasuwa na sayo langa mai fure da kujera mai hannu da ɗan tebur. Ranar Juma'a, duk maza suna masallaci, na fita da kaina na jera su a zaure, na zuba masa nasa daban na rufe, na ajiye tire biyu a ƙasa kamar kullum.

Ranar an tsayar da shi gaisuwa a hanya, mutanen suka riga shi shiga. Ina bayan ƙofa ina jin su. Hayaniyar da suka shigo da ita ta mutu. Da ya iso ya tarar sun ja tabarmi baya sun bar masa kujera, sai ya ɗauka su suka haɗa kai suka yi masa karamci. Ya yi dariya, ya ce ashe yau sarauta aka ba shi, ya zauna don kada ya ba su kunya. Su kuma suka ɗauka shi ya sa aka kawo. Na ji da kunnena Istifanus ya ce masa ranka ya daɗe. Babu wanda ya yi dariya.

Da yamma ya ce mini mutanen nan sun kashe kuɗinsu a banza sun saya masa kujera. A nan ya kamata in faɗa. Sai na ji kunya, na ce a raina bari sati mai zuwa. Sati mai zuwa ya ce in ya sauka ƙasa za su ce ya raina kyautarsu. Haka muka tafi wata bakwai. Ashirin suka koma goma, goma suka koma huɗu, su ma huɗun gaisuwa ce ke kawo su, suna cin loma uku su ce alhamdulillahi. Istifanus ya daina zuwa tun kafin azumi. Matta in mun haɗu a asibiti ko gidan suna tana gaishe ni da kyau, irin kyan da ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ma'aikatan kamfanin sun zaɓi Istifanus shugaban ƙungiyarsu. Suna so a ba su motar da za ta riƙa kai su gonakin Bakura, don wasu da ƙafa suke zuwa daga nesa. Maimakon ya zo gida ya faɗa, sai ya rubuto takarda da hatimi ta hannun akawu. Baban Kubura ya kawo mini ita ya ce in karanta. Gwaggo, tsarin maigidana ne, daga gaisuwar farko har zuwa inda ake ba da wa'adin kwana goma sha huɗu, irin wanda na sha rubutawa. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Mi ni yi musu? Wanga aiki ya raba ni da mutanena." Ya ce ƙarshen wata zai ajiye aikin, gara ya koma tuƙi.

Ya rame, ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Ina son mutumin nan, kuma tsoro nake ji ya dube ni ya ce ashe ke ce. Amma in na yi shiru zai yar da abin da ya wahala a kai saboda laifin da ba nasa ba. In faɗa masa, ko in ɗauke kujerar a ɓoye in ce ta karye? Ko in bar shi ya ajiye aikin, wataƙila su dawo?

Taki mai neman mafita,
Mai Tuwon Juma'a, Talata Mafara

*

'Yata Mai Tuwon Juma'a,

Na karanta takardarki sau biyu, kuma hannunki da kyau kamar yadda kika ce. Ki kwantar da hankalinki. Abin da kika yi so ne ya yi gaba ya bar tunani a baya, kuma ba ke kika fara yin irin haka ba. Laifinki na gaskiya ba sayen langa ba ne, shirun wata bakwai ne.

Kada ki ce kujerar ta karye. Ɓoye gaskiya ya jawo wannan, ƙarya ba za ta gyara ba. In kujera ta ɓace ba bayani, mutanensa za su ce ya ga takarda ne ya tsorata yana neman shiri, kin ga an ƙara ɓata shi. Ki faɗa masa, da rana, bayan ya ci abinci, ba tare da kin jawo sunan yayarki ba, don ita magana ta yi, ke kika je kasuwa. Zai ji zafi, wataƙila ya yi kwana biyu yana amsa miki da ka. Ki jure. Mutumin da aka kora sau biyu bai zagi kowa ba, ba a kanki zai fara ba.

Amma kada ki ɗauki kayan duka a kanki. Maza ashirin da maigidanki, duk masu bakin tsayar da tifa, an rasa ɗaya da zai ce wa ya kawo wannan abu? Kunya ta yi musu yawa, kowa yana kare mutuncin ɗan'uwansa har suka rasa juna. Kuma ko babu kujera, wani abu sai ya canja. Wanda ke sa hannu a takardar ɗaukarka da sallamarka, ba za ka ci gaba da faɗa masa duk abin da ke ranka a bakin tire ba. Wannan ba girman kai ba ne, haka matsayi yake, dole ya koyi zama da shi.

Takardar Istifanus kuwa ba cin fuska ba ce. Shugaban ƙungiya ba ya kai koken jama'a zauren abokinsa, in ya yi haka gobe a ce an saye shi da tuwo. Maigidanki ya fi kowa sanin wannan, tunda a wurinsa aka koya. Ki tuna masa cewa a da, da ya samu daraktan da ya san zafin tafiyar ƙafa zuwa aiki, da bai sha rabin wahalar da ya sha ba. In ya ajiye aikin, wani za a kawo wanda bai san sunan kowa ba, kuma su za su ɗanɗana.

Don haka ya fara amsa takarda da takarda, a ofis, cikin wa'adi. Ya kai maganar motar gaban masu kamfani ya tsaya mata in tana da gaskiya, in akwai abin da ba zai yiwu ba ya faɗa ƙarara. Ke kuma ki ɗauki mayafinki ki tafi wurin Matta da ƙafarki, kada ki aika. Ki ba ta labarin yadda kika ba ni. Ina tabbatar miki kafin ki kai gida mijinta ya ji. Bayan an gama da maganar ofis, ba kafin nan ba, maigidanki ya je gidan Istifanus ba mota ba rakiya, ya ci abin da aka ba shi. Zumunta a ƙafa take.

Ba zan yi miki alkawarin duka ashirin za su dawo ba. Wasu sun tafi ke nan, ki yafe musu, ki yafe wa kanki. Amma mijinki yana kwana yana tashi da zaton mutanen da ya ba ƙuruciyarsa sun guje shi don ya zama wani iri, alhali ke kaɗai a duniya kika san ba haka ba ne. Kada ki bar shi ya ƙara kwana ɗaya da wannan zato.

Allah ya sassauta miki harshe, ya sanyaya masa zuciya, ya bar ku tare har tsufa.

Gwaggonki,
Marka