Kyanwata a Ɗakin Tela

Litinin, 3 ga Maris
’Yar Gata, kyanwata, ta soshe wuyanta har jini. Na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya taje ta kan farar takarda, babu ƙuma. Ya kankari fatar ya duba a na’ura, ba ƙazuwa, ba makero. Wai a sauya mata abinci mu gani.

Alhamis, 27 ga Maris
An sauya. Susa sai abin da ya ƙaru. Likita ya tambayi sana’ata, na ce turare nake sayarwa. “A ina kake ajiye kayan?” Ƙarƙashin gado mana, inda take kwana. Ya ce a raba ta da ɗakin mako biyu. Tela maƙwabcina ya karɓe ta, har da rawar jiki. Dama ya daɗe yana lashe baki.

Laraba, 2 ga Afrilu
Ta daina susa. A ɗakinsa! Ɗakin da ko taga kirki babu.

Asabar, 5 ga Afrilu
Ya ɗinka mata matashi da ƙyallayen mutane. Ɓarawon yadi. Na leƙa, tana kwance kan kekensa, gashin wuya ya fara tsirowa. Na kira ta, ta ɗago ta yi atishawa. Ya ce, “Maƙwabci, ɗan tsaya daga ƙofa, ƙamshinka ya riga ka shigowa.” Ni da na tsince ta a kwali bayan kasuwa, ido bai buɗe ba, na shayar da ita da murfin kwalba! Yau ni ake tsayarwa a ƙofa.

Talata, 8 ga Afrilu
Na ji yana kiranta “’yata”. Allah ya isa.

Juma’a, 11 ga Afrilu
Likita ya ce tunda abin ya lafa da barin ɗakin, turaren ne. In ta dawo ɗakin yana haka, susar za ta dawo. Na ce nawa na asali ne. Ya ce fata ba ta san farashi ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Na kwashe kwalaben zuwa shago. Dama ɗakin ya cushe, ba don kowa ba. Na wanke zanen gado da farin sabulu, kwana biyu ban fesa komai ba. Abokan kasuwa na tambaya ko karaya na yi. Ɗazu ta shigo da ƙafarta, ta shinshina ni, ta hau cinyata. Tela ya biyo sawu ya tsaya daga ƙofa. Na ce ya shigo ya zauna, ai da kujera.