Dokar Ajinka da Maganar Tafiyata Maiduguri

Zuwa ga Hamma Bakari,

Gaisuwa mai yawa. Jam na, Hamma? Ka ga har yau Fulatancina bai wuce nan ba, duk da shekarun da ka yi kana fama da harshena. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Babu gidan waya da ke kai saƙo inda kake, kuma ko da akwai, na san da jan biro za ka tarbe ta, ka dawo mini da ita ka ce gabatarwar ta yi tsawo. Amma akwai magana tsakaninmu da ba mu ƙarasa ba, kuma ta tsaya mini a rai.

Bari in fara da labarin gida. Mahaifiyarka Dada tana nan lafiya, sai dai ta rage magana. Na je Yola ranar Lahadi bayan mun tashi daga coci. Ta sa aka kawo mini kindirmo, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na rame, wai ko matata Rifkatu ta daina ba ni abinci ne. Ban gaya mata cewa tun da ka tafi abinci ba ya yi mini daɗi ba. Matarka Adda Dija tana takaba, Rifkatu na zuwa wurinta a kai a kai, su zauna su yi kukansu su share hawaye. Ƙaninka ya kama gonarka ta Mbamoi, dawa ta yi kyau. Babur ɗinka yana jingine a zaure, babu wanda ya yi ƙarfin halin tayar da shi. Kogi ya cika bana, irin cikar da kake so ka tsaya ka kalla har mu makara zuwa aji.

A kwaleji kuwa, ni aka ba ajinka na insha'i da muhawara, 'yan shekarar ƙarshe. Shugaban kwaleji ya ce in riƙe na wucin gadi kafin a samo wani. Ranar da na fara shiga, na tarar da rubutunka a gefen allo, ɗalibai sun hana a goge. Dokarka ce: kada ka amsa wa mutum sai ka faɗi maganarsa da bakinka, shi kuma ya yarda cewa haka yake nufi.

Ka tuna inda dokar nan ta samo asali? Shekarar da aka sami 'yancin kai ce, muna sababbin malamai, kai daga Yola, ni daga wajen Numan, kowa da guga a wandonsa da girman kai a ransa. Ka shirya wa ɗalibai muhawara, aka tashi ana nuna wa juna yatsa, saura kaɗan a ba hammata iska. Da muka fito ka ce mini ba laifinsu ba ne, babu wanda ya ji abin da ɗan'uwansa ya faɗa, kowa jira yake ɗayan ya rufe baki. Washegari ka kafa dokar. Ka shigar da ita har cikin rubutu: duk wanda zai rubuta insha'in jayayya, sakin layinsa na farko na abokin hamayyarsa ne, kuma sai ya kai masa ya karanta ya amince kafin ya ci gaba. Na yi maka dariya a lokacin. Na ce da wannan tsari naka za a gama jarrabawa ɗalibanka suna gabatarwa.

To, ga abin da ya faru a ajinka kwanan nan. Na ba su batun shanu da gonaki, na haɗa Sali, wanda mahaifinsa makiyayi ne, da Filibus, wanda shanu suka taɓa cinye musu gona kaf. Ni dai ina sauri, domin jarrabawa ta matso, sai na ce kowa ya kawo hujjarsa kai tsaye. Sali ya miƙe cikin ladabi ya ce Malam Bakari ba ya yin haka. Na ji kunya, na ce to, a yi yadda aka saba.

Filibus ne ya fara. Ya ce Sali yana nufin makiyayi yana da ikon ya ci gonar kowa. Sali ya girgiza kai. Filibus ya sake gwadawa, aka sake girgiza masa kai. Gumi ya karyo masa, ajin kuwa babu mai dariya. Can sai ya ce a hankali, wai Sali yana nufin hanyar da kakansa yake bi da shanu zuwa bakin kogi yanzu duk an nome ta, kuma saniya ba ta san an canja ba. Sali ya ce haka yake nufi. Da aka zo kan Sali, shi ma ya sha wuya kafin ya iya faɗin cewa gonar nan ita ce abincin gidan su Filibus na shekara guda, kuma haƙuri ba ya cika rumbu. Bayan nan sun yi jayayya mai zafi, babu wanda ya sauka daga ra'ayinsa. Amma da aka tashi na hango su tare sun nufi Dubeli cin ƙosai. Na koma ofis na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Maiduguri sun sake aiko da saƙo. Har yanzu kujerar nan ta ma'aikatar ilimi tana jirana, ta tsara manhajar insha'i ga dukan kwalejojin Jihar Arewa maso Gabas. Sun ce in ba da amsa kafin ƙarshen zangon karatu. Rifkatu kuwa na ga tana duba akwatuna. Idan na tafi, ajinka zai koma hannun duk wanda aka samu, kuma shugaban kwaleji ya riga ya faɗa a taron malamai cewa tsarin nan naka yana cin lokaci. Ba mugun mutum ba ne, sakamakon jarrabawa ake tambayarsa.

Ka tuna zamanmu na ƙarshe a kan wannan magana, a ƙarƙashin dalbejiyar gidana a Karewa? Ka ce kada in tafi. Na buɗe baki zan amsa, ka ɗaga mini hannu, ka ce in bi doka. Sai na ce kana nufin kana tsoron in zama shugabanka ka riƙa cire mini hula. Ka yi dariya har da tari, ka girgiza kai. Na ce kana nufin Maiduguri ta yi nisa kuma ba ni da kowa a can. Ka sake girgiza kai. Aka kira sallar la'asar, ka miƙe ka ce in je in yi tunani, za mu ƙarasa. Wa ya san zazzaɓin da ka ce ba komai ba ne shi zai tafi da kai? Me ya hana ni in tsaya in saurare ka ranar, maimakon wasa?

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ni na fi ka takardun shaida, kuma ka san ina son a san haka. Amma koyarwa a wurinka na koye ta. Nakan tsaya a bayan tagar ajinka kamar mai shan iska, alhali sauraronka nake yi. Lokacin yaƙin basasa, da zukata suka ɗauki zafi, ajinka ne kaɗai wurin da na ga yaro yana faɗin tsoron ɗan'uwansa ba tare da ya mayar da shi abin ba'a ba. Ban taɓa yi maka godiya ba, don ina ganin kamar akwai lokaci.

To, Hamma, yau zan bi doka. Ga maganarka kamar yadda na fahimce ta.

Ba ka ce aikin ofis banza ne ba, ba ka kuma ce ban cancanta ba. Kana nufin jihar nan tamu ta tara mutane iri-iri, harsuna barkatai, masallaci da coci, mai sanda da mai fartanya, kuma kowa ya iya magana amma kaɗan ne suka iya ji. Kana nufin zan iya rubuta dokarka a manhaja, a buga ta a raba wa kowace kwaleji, amma takarda ba ta iya tsayawa a gaban aji ta jira yaro mai gumi har ya samo kalmar da ta dace. Sai mutum. Kana nufin kowane ɗalibin da ya fita daga hannunmu zai je wani ƙauye ya tsaya gaban yara, kuma abin da aka yi masa shi zai yi musu. Sannan akwai wadda ba za ka taɓa furtawa ba, don kunyarku ta Fulani: ba ka so in tafi in bar ka kai kaɗai a ɗakin malamai.

Na faɗa. Haka kake nufi?

Na ajiye biro na jira, Hamma. Babu abin da na ji sai muryar Rifkatu tana kiran yara su zo su ci abinci. Ina da hujjojina, na daɗe da shirya su, kuma wallahi masu ƙarfi ne. Amma ba ka ce haka kake nufi ba, dokarka kuwa ba ta ba ni izinin amsawa ba sai ka ce. Ban ga yadda zan karya ta a kanka ba, sannan in shiga aji in tilasta wa Sali da Filibus su bi ta.

Saboda haka gobe zan gaya wa shugaban kwaleji ya sanar da Maiduguri su nemi wani, kuma ya cire maganar wucin gadi daga ajinka. Rifkatu za ta mayar da akwatunanta. Rubutunka na gefen allo ya fara dusashewa, zan bi kansa da alli.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya ba Dada da Adda Dija haƙuri. Sai mun haɗu ka ba ni amsa.

Naka, wanda har yanzu yake jiran izinin magana,
Istifanus