Ƙudajen da ba sa haihuwa

Talata da dare, Mount Hope

Yau babu attarugu a shagon ƙasan gidanmu. Mai shagon ya ce wani baƙon ƙuda ya shiga gonakin tsibirinsu, an hana shigo da kaya. Wai maganinsa jirgi ya riƙa sako mazan ƙudaje marasa haihuwa, su sadu da matan, su kuma matan su yi ta zuba ƙwai a banza.

Tun ɗazu nake ganinsu a raina, suna saukowa a hankali bisa itatuwan mangwaro, teku na sheƙi.

Maigidana yana barci. Takardar likita da ta ce matsalar rashin haihuwarmu daga gare shi take tana ɓoye a ƙasan akwatina. Uwarsa ta kira daga Kumasi: "Kin sha maganin haihuwar?" Na ce, "Na sha, Mma."

Macen ƙuda dai ba ta sani ba. Ni na sani, kuma gobe ma zan sha.