Kwana Tara Ina Ce Maka Yana Barci

Utaibiyya, Makka
14 ga Safar

Zuwa ga jikana Abdulƙadir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ƙasusuwanka a haɗe, haƙoranka cif yadda ka bar gida da su, don ni har yau ban amince da wannan ƙwallo taku ta Amurka ba, wadda ƙarti ke karo kamar raguna. Allah Ya tsare ka, Ya tsare waɗanda kake turewa, su ma suna da kakanni. Mu nan sai zafi, mukayyif ɗin da ke sanyaya ɗakina yana ta tari kamar ya girme ni. Uwarka Ghada tana nan da ciwon gwiwarta, kawunka Turki yana jigilar masu umara daga Kudai, yayarka Hadil kuma ita za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka a jawwal, wato wayar hannu. Da hannuna na rubuta. In ka ga baƙi ya karkace ka haƙura, kai ma Hausarka ta karkace ban ce komai ba.

Duk saƙonnin muryar da kake turowa daga sansanin horo na ji su. Na gane ku casa'in ne, hamsin da uku za a ɗauka, sauran a sallame su nan da mako biyu. Na gane kai da wannan Dariyos ɗaki ɗaya kuke kwana, kuma gurbi ɗaya kuke nema, na mai tsaron gefe da ke bin mai cafe ƙwallo ya hana shi cafewa. Hadil ta nuna mini bidiyo, na ga ana busa usur kowa ya ruga gaba, kai kaɗai kana gudu da baya. Na ce ikon Allah, shekara takwas maigidana yana ƙasar Turawa, abin da ya koyo ke nan! Na kuma ga dogon nan mai lamba sha ɗaya, mai ƙafafu kamar zalɓe, wanda koci yake haɗa ku kullum, ya yi maka wata 'yar rausaya ya bar ka kana rungumar iska. Sau biyu. Kada ka musa, na ƙirga.

To, wasan ya isa haka. In a tsaye kake, ka zauna, ya waladi. Sidinka, kakanka Malam Awwal, ya rigamu gidan gaskiya. Yau kwana tara. Ranar Laraba da hantsi ne, ya sha shayinsa, ya ci rabin burodin tamis, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi zai ɗan kishingiɗa. Kafin Turki ya juyo da mota Malam ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, kansa a kan cinyata. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, dubban mutanen da ba su san sunansa ba suka bi sahu, kafin magariba an kai shi maƙabartar Shara'i. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara hamsin da huɗu muna tare, tun ina yarinya da muka sauka daga jirgin ruwan Sudan.

A daren farko na zaman aza, wato makoki, uwarka da kawunka suka yanke cewa kada a faɗa maka sai an gama tantancewa, wai hankalinka zai rabu biyu, wani ya karya ka a fili. Ni ma na yarda, ba zan ɗora musu su kaɗai ba. Jawwal ɗinsa a hannuna yake. Kullum da safe saƙonka ya shigo, kana cewa Sidi yau na tare ƙwallo ɗaya, Sidi yau koci ya sa Dariyos a gabana, ni kuwa in danna in ce maka yana barci. Ranar da ka yi dariya ka ce tsohon nan ya cika barci, na amsa maka da cewa ai gadonku ne, na ajiye wayar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Ka san ni da ƙulla labari, tun kana ƙarami nake ruɗa ka da aljanin tankin ruwa. Amma wannan ya fi ƙarfina. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ba na so ka ji a bakin wani ɗan unguwa da zai rubuto maka ta'aziyya. Na faɗa wa uwarka zan rubuta, sai ta miƙo mini biro. Ka yafe mana.

Akwai saƙon da ya bar maka, shi ma ya hana ni sakat. Ana gobe zai rasu ya sa Hadil ta maimaita masa bidiyon dogon nan har sau biyar, ya kawo hancinsa dab da gilashin. Ka san kafin zuwan kekunan tura tsofaffi shekara ashirin ya yi yana ɗaukar shibriyya, gadon katakon nan da mutum huɗu ke ɗorawa a ka su yi wa tsofaffi ɗawafi, kuma shi ne na gaba mai tsaga taro. Ya ce a gaya maka laifinka ɗaya, fuskar yaron kake kallo. Ya ce a cikin cunkoso ido yana ƙarya, kafaɗa tana ƙarya, mutum zai dubi dama ya faɗa hagu da kai da tsohuwar da ke kanka, amma ƙugu ba ya ƙarya, inda ya juya nan mai shi zai bi. Ya ce ka sa idonka a ƙugunsa, kuma kada ka riga shi juyawa. Na ce masa kocin da ke da allo da na'ura bai san wannan ba sai kai? Ya ce ƙila ya sani, amma bai taɓa ɗaukar uwar wani a ka ba. Ya ce da safe zai faɗa maka da bakinsa. Allah bai nufa ba.

Na san halinka. Kana gama karanta wannan za ka fara cusa kaya a jaka. Ina haɗa ka da Allah kada ka taso. Zaman aza kwana uku ne, an naɗe tabarmi, an mayar da kujeru. Kabarin babu suna, dutse ne kamar na kowa, ni kaina ban gan shi ba tunda mata ba sa shiga. Iƙamarka ta zaman ƙasa ta mutu tuntuni, sai ka nemi biza kamar baƙo a garin da aka yanke cibiyarka, kafin ka iso an karanta sunaye babu naka. Me za ka tarar? Tsohuwa a takaba tana jan carbi. Addu'a kuwa ba ta neman biza, daga nan inda kake za ta same shi. Ka yi alwala, ka yi kukanka, ka faɗa wa kocinku gaskiya, ka faɗa wa Dariyos ma, don wanda kuke ɗaki ɗaya ya kamata ya san abin da ya sa idonka ya yi ja. Sannan gobe ka sa hular kwanonka ka tsaya gaban dogon nan. Ban ce dole a ɗauke ka ba. Zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, in kuma rabon Dariyos ne ka yi masa barka da zuciya ɗaya. Abin da ba na so shi ne ka bar gurbin da ƙafarka, ka ce saboda Sidi ne. Ba zai karɓi wannan ba.

Uwarka tana gaishe ka, ta ce ka kira ta ko faɗa za ka yi mata. Turki da matarsa Abir suna gaishe ka, Hadil ma haka, da Malam Isa liman da ya yi wa Sidinka wanka. Ni kuma zan fita takaba cikin sanyi, lokacin ka zo mu yi masa umara tare, ka tura ni a keke, gaba za ka tura ba baya ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da za a karanta sunaye, ko da naka ko babu, ka kira lambar Sidinka ka faɗa mini a ranar. Ban rufe layin ba, kuma ba zan yi barci ba.

Wassalam. Taka har kullum,
Sittinka Zubaidatu