Bugun da Ke Bayan Kunnenki

Zuwa ga Adilata, farin badon fadama, inuwar giginya da tsakar rana, ruwan randa bayan doguwar tafiya,

Sallama gare ki, da gaisuwa mai yawan tsuntsayen kogin Haɗeja! Takarda na aiko domin Yaya Gwadabe ya ce har yanzu kanki a naɗe yake, ba na so waya ta wahalar da kunnen da aka yi wa aiki.

Shekara biyu, abar ƙaunata! Shekara biyu kina cewa bugun zuciyarki na fita ta kunnen dama, fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri, ni kuwa ina cewa gajiya ce. Da aka ce iskokai ne, na bari aka yi ta miki hayaƙi har idonki ya kaɗa. Kin tuna ranar da muke bakin gonar shinkafa, kika kama hannuna kika danna a gefen wuyanki, kika ce, "Haris, in an danna nan sai ya ɗauke"? Dariya na yi. Kaicona! Wane irin miji ne zai yi dariya matarsa na nutsewa a gabansa?

Sai a asibiti a Kano, da likita ta ɗora abin sauraro a bayan kunnenki, ta miƙo mini. Na ji shi, Adila. Na ji shi da kunnena, kamar ruwa na marin cikin kwalekwale. Ta nuna mana a hoto: ƙashin da ya raba kunne da babbar jijiyar jini ya sirance har ya ɓule, shi ya sa kike jin wucewar jininki. Ta ce za su buɗe bayan kunnen su liƙe wurin, ba ta kuma ɓoye mana haɗarin zubar jini ba. Na sa hannu a takardar yarda da aikin, ke kina ba ni haƙuri. Ke da za a yanka!

Ba ki farfaɗo ba aka kira ni: kogi ya ciko, jingar unguwarmu na shirin ɓallewa, ga Inna ita kaɗai a gida. Ina cikin ruwa har gwiwa, buhun yashi a kafaɗa, Yaya ya bugo ya ce kin buɗe ido, kin kasa kunne, kin ce, "Ya yi shiru," sai hawaye. Na ajiye buhun na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Jinga ta tsaya, gida lafiya, ni ne kawai ban da lafiya sai na gan ki. Yaushe za a sallame ki, hasken idona? Ki yafe mini. Daga yau duk abin da kika ce kin ji, na yarda tun ban ji ba.

Naki, rani da damina, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,
Haris