Ɗiyata Ba Gonar Gwaji Ba Ce

Zuwa ga Mai girma Shugaban ayarin masu binciken karatun yara masu kaifin basira, Yamai.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta abokan aiki, ni ne Nomau Arzika, malamin gona a Gesheme, ƙasar Arewa. Na rubuta maka a rufe ta hannun direktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantar garinmu, na sake rubutawa, ko "mun gani" ban samu ba. Shi ya sa wannan karon na bar takardar a buɗe, na kuma yi ta da Hausa, don duk uban da ke da ɗa a lakwal ya ji. Kana da masu fassara, ba za ta gagare ka ba.

Bara, bayan komawa karatu, mutanenka biyu suka sauka garinmu da mota, Bature ɗaya da ɗan ƙasa ɗaya. Suka yi kwanaki suna gwada yara da guntayen katako da hotuna da lissafi, agogo a hannu. Yara biyu suka yi zarra: Shekarau, ɗan wani maƙeri maƙwabcina, da ɗiyata ta fari. Ka san al'adarmu, uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a bainar jama'a, to amma tura ta kai bango. Shekarau aka ɗauke shi zuwa Dogon Dutsi, aji na musamman, tare da wasu yara na Matankari da kewaye. Ita kuwa aka bar ta, aka aiko mini cewa an zaɓe ta ta zama "temwan".

Na farko, maganar wannan kalma. Da direkta ya fassara ta a gidana ya ce "mai shaida", uwata tsohuwa ta saki muciya ta dafe ƙirji ta ce, "Mi yarinyag ga tag gani da za a kai ta gaban alƙali? Ku hwaɗa musu ba ta nan sa'ad da anka yi!" Maƙwabta kuma suka shigo yi mana barka, wai gwamnati ta ba ɗiyarmu muƙami. Duk gidan ni kaɗai na san abin da ake nufi. Aikina ke nan, ranka ya daɗe. Kowace damina nakan raba gonar gwaji gida biyu. Ɗaya in zuba mata takin zamani, ɗaya in bar ta haka nan in kafa mata allo mai rubutun temwan. Da kaka in manya sun zo daga Dogon Dutsi, gaban wannan allon suke tsayawa. Gwargwadon yadda hatsinta ya ƙanƙance, gwargwadon yadda suke murmushi, don lalacewarta ce shaidar cewa takin ya yi aiki. Saboda haka kada a gaya mini girmamawa ce. Na san abin da ake jira temwan ta zama.

Na biyu, yadda aka yi zaɓen. Na ɗauka wani ya fi wani ne, na ce to, haka Allah ya so. Ashe sunayen aka rubuta a guntayen takarda aka zuba cikin hular direkta, Baturen ya rufe ido ya zaro. Ɗan ƙasar da ke fassara ya ce mini wannan shi ne adalcin ilimi, wai don kada son rai ya shiga. To madalla. Ni ba na baƙin ciki da rabon Shekarau, yaro ne mai ladabi, da hutu ya zo ya gaishe ni da Faransancin da ya fi nawa. Abin da nake tambaya, wa ya nemi yardata kafin a jefa ɗiyata cikin hula? Ko gonar gwaji ba na kafa mata allo sai na zauna da mai ita, na gaya masa abin da zai rasa, ya ce ya yarda.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Da barin ta kawai aka yi, da na yi haƙuri. Kafin zuwan mutanenka, malamin ajinsu, Mushe Bawa (Mushe muke ce wa malaman lakwal, daga Faransanci), yana ara mata littattafan manyan aji, har ya shirya da direkta a tsallakar da ita gaba. Yanzu an hana shi. An ce temwan ba a ƙara mata komi, ba aro, ba tsallake, sai an gama bincike nan da shekara uku, in ba haka ba awo zai ɓaci. Ni ma an roƙe ni, cikin ladabi, kada in riƙa koya mata karatu a gida. A gidana! Mushe Bawa ya same ni ƙofar masallaci kansa a sunkuye ya ce, "Wallahi Nomau, kunya nika ji. In na ɗora lissahi bisa allo, kahin in aje alli ta gama, sai ta zamna tana kallon ƙadangaru." Mutumin kirki ne, amma albashinsa daga Yamai yake fitowa.

Ga abin da awonku ya haifar. Yarinyar da take tashi kafin zakara ta wanke allonta, yanzu sai an kora ta. Ta daina ɗaga hannu. Kwanan baya ta rubuta amsoshi duka a karkace, da malam ya tambaye ta dalili ta ce tana son ta ga ko zai lura. Dama can mutanen unguwa suna cewa doguwa, aljanar nan, ce ke raɗa mata amsa a kunne. Yanzu sun ce doguwar ta yi fushi ta tafi, uwata har ta fara cigiyar mai bori a ɓoye, tana tsammani ban sani ba. Na gaya mata babu iskar da ta taɓa jikarta, takarda ce daga Yamai. Ba ta yarda ba, ta ce ai takarda ba ta da hannu.

Na huɗu, shekaru. An haife ta ina aiki a wani ƙauye da babu lakwal, ta shiga karatu a makare. Kai ka fi ni sanin akwai iyakar shekarun da yaro ba ya wucewa in zai zauna jarrabawar shiga kwaleji. Tsallaken da Mushe Bawa ya shirya shi ne zai cike wannan giɓi. In ba a yi shi kafin hutun damina ba, ranar da za ta kai ajin ƙarshe ta tsufa ga doka, ƙofar ta rufe har abada. Na bayyana wa mutanenka haka da suka dawo awo na biyu. Baturen ya gyaɗa kai, ya ce abin sha'awa ne, ya rubuta. Komi aka gaya masa abin sha'awa ne. Na tabbata da na ce masa gidana ya kama wuta zai ce abin sha'awa ne ya rubuta.

Kada ka ɗauka ni maƙiyin bincike ne. Mun karɓi ƙasarmu jiya-jiya, likitocinmu da injiniyoyinmu ba su cika tabarma ɗaya ba, dole a nemo yara masu kai a san yadda za a koyar da su. Sai an gwada akan san na ƙwarai, na yarda. An ce mini abin da za ku gano zai amfani dubban yara nan gaba. An ce da kare tuwo ya yi yawa a gidan biki, ya ce mu gani a ƙas. Amma ko da gaskiya ne, me kuke son ganowa da manomin Arewa bai sani ba? Cewa wanda aka ba littafi zai fi wanda aka hana? Ku zo in nuna muku a gonata cikin damina ɗaya, kyauta, ba sai an taɓa ɗan kowa ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A cire ɗiyata daga cikin temwan, a ba Mushe Bawa izini a rubuce ya tsallakar da ita kafin hutu. Ban ce a kai ta Dogon Dutsi ba, ban nemi komi na gwamnati ba, a sake ta kawai. Sannan a tara iyayen sauran yaran da aka yi wa haka a garuruwan Arewa, a gaya musu da Hausa tsantsa abin da kalmar take nufi, don na san akwai waɗanda har yau suke karɓar barka. In kuma ba za a yi ko ɗaya ba, a gaya mini, in daina jira. Ina kuma sanar da kai tun yanzu, don kada a ce na ɓata awo a ɓoye: daga ranar da takardar nan ta fita zan koya mata duk abin da na sani, zan aro mata duk littafin da hannuna ya kai gare shi. Ku rubuta, abin sha'awa ne.

Ranka ya daɗe, yankin gonar da na hana taki bana, baɗi nakan juya in ba shi ninki, ya rama. Ƙasa tana jiran wata damina. Yarinya ba ta da wata. A takardunku an ce mini ba ta da suna, sai temwan da lamba. To ga shi, ni da ban taɓa furta shi ba tun ranar da liman ya raɗa mata, yau na ajiye kunya na rubuta shi kowa ya gani: sunanta Dije. Ka nemi takardar Dije ta Gesheme ka sa hannu.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora cikin aikinka, ya raya 'ya'yanka, ya sa kada sunan ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa shiga hular wani.

Wassalam.

Nomau Arzika,
malamin gona, Gesheme.