Tafkin Baba da Maruƙan Sajo

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, abin nan yana cin raina kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Mahaifinmu Maccido, da ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, ya kira gayya aka datse wata 'yar ƙorama bayan gonarmu a Dinawa da jar ƙasa, ruwa ya kwanta ya zama tafki. Ba don noma ya yi ba. Wurin hutawarsa ne, ya jefa ƙugiya, jikoki su yi wanka. Kowace bazara sai ya bi datsin da sanda yana toshe ramukan gafiya, ya share mafitar da ruwa kan bi in ya cika. Mu ko dariya muke yi masa.

Da ya rasu aka raba gonaki, aka manta da tafki. Ni da yayyena, Attahiru da Abubakar, kowa na cin kifi, ba mai ɗaukar sanda. Ni kuma, ganin kifi na gudu ta mafitar, na toshe ta da duwatsu, ba wanda ya sani. Bara da marka, ana la'asar, ruwa ya hau kan datsin ya ɓalle gefe guda. Ƙasa da mu akwai rugar Sajo, aminin Baba. Shanunsa na wurin kiwo, amma maruƙa tara na ɗaure a igiya guda. Ko ɗaya bai kuɓuta ba. Sajo bai kai ƙara ba, bai ko ɗaga murya ba, ya ce hukuncin Allah ne. Har yau matarsa Habi na aiko mana da nono, ni kuwa ba ya wuce mini wuya.

Mun cike inda ya ɓalle, amma duwatsun na nan, ina tsoron in cire a gane. Ga damina ta kusa, gindin datsin kullum a jiƙe. Yayyena sun ce tafkin ba nasu ba ne. In na fasa shi kuma, na shafe abin da ya rage mini na Baba. Mi zan yi?

Mai Nadama, Dinawa

Mai Nadama, Allah ya jiƙan mahaifinka. Tafki gado ne kamar gona, naku ne ku uku, wanda ya ci kifinsa ba ya guje wa gyaransa. Ku je gaban alƙali a Wurno ya danƙa shi hannun mutum guda, a san wanda za a tambaya.

Amma ruwa ba ya jiran shari'a. Jiƙewar nan alama ce yana bi ta ciki. Gobe ka cire duwatsun da rana tsaka, ka faɗaɗa mafitar, ka rage ruwan, a roƙi hakimi ya turo ma'aikacin hukumar En'e ya duba. In ya ce a fasa, a fasa. Mahaifinka ba zai so tafkinsa ya ci rai ba. In ya ce zai gyaru, sandar nan ta zama taka kowace bazara.

Sai Sajo. Ba da gangan ka yi ba, na yarda, amma kunya ce ta hana shi magana, ba ta mayar masa da maruƙansa ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka je ka faɗa masa da bakinka, ka nemi gafara, ka rama abin da ka iya, ku matsar da igiyar maruƙa kan tudu kafin ruwan farko.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa nonon Habi ya wuce maka wuya.